Kafin ka sayar da filin nan, ga abin da na gani a kasuwar hannun jari

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai gari ya waye don in amsa a natse. Ka ce a wurin aikinku kowa maganar hannun jari yake yi, wani har ya nuna maka a wayarsa yadda kuɗinsa ya ninka, kai kuma kana da fili a bayan gari da ɗan abin da ka tara, kana tambaya ko ka sayar da filin ka haɗa ka shiga, ko kuwa ka riga ka makara. Ka kuma ƙara da cewa a ofis ɗinku babu wanda yake jin tsoro. To, wannan magana ta ƙarshe ita ta zaunar da ni, domin na taɓa zama a ofishin da babu mai jin tsoro.

Ni ba dillali ba ne, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Na shiga harkar nan a 2005, kuma yadda na shiga haka dubban 'yan Arewa suka shiga. A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya ce kowane banki sai ya mallaki jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, ko ya haɗe da wani ko ya rufe. Bankuna 89 suka koma 25. Ina za su samo kuɗin? Wurinmu. Sai ga fom na sayen hannun jari ko'ina, a kan kantar banki, a kasuwa, har ɗakin malamai ana biyo mu da shi. Na cike na farko da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Bayan shekara guda ya kusa ninkawa, ga kyautar ƙarin hannun jari da suke bayarwa. Daga nan ne idona ya rufe.

A 2007 bankuna suka sake dawowa neman kuɗi, wannan karon ba don an tilasta musu ba, sai don sun ga akwai masu bayarwa. Na tuna shekarar sosai. Mai gadin makarantarmu ya sayi hannun jari. Telan da yake min ɗinki ya ajiye almakashi yana ba ni shawarar bankin da zan saya. A majalisar da muke zama bayan Magariba, an daina hirar siyasa an koma karanta shafin farashi na jarida. Duk wanda ya ce a yi hattara sai a yi masa kallon wanda bai waye ba. Akwai wani dattijo ɗan kasuwar hatsi da yake zama da mu, bai yi boko ba, ya tambaye mu sau ɗaya: wannan bankin da kuka ce kuɗinsa ya ninka uku, shin cinikinsa ne ya ninka uku, ko masu sayensa ne suka yi yawa? Muka yi dariya. Allah ya jiƙansa, har ya rasu ban samu na ce masa shi ne mai gaskiya ba.

Abin da na yi a lokacin shi ne abin da kake shirin yi, har na ɗara ka. Na sayar da filina. Na karɓi bashi a ƙungiyar adashin ma'aikata. Sannan wani banki, ba zan kama suna ba, ya ba ni rance don in sayi hannun jari, hannun jarin kansa shi ne jingina. Wannan na ƙarshen ban ma tsaya na tambayi malamai hukuncinsa ba, ga kuɗin ruwa ƙiri-ƙiri a ciki, amma kwaɗayi ya toshe min kunne. Lissafina mai sauƙi ne: farashi zai tashi, in sayar, in biya bashi, in sayi filin da ya fi wancan.

Ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin kasuwar, wanda yake haɗa farashin dukkan kamfanoni, ya kai maki 66,371, darajar kasuwar ta haura naira tiriliyan 12. Ba wanda ya buga ganga ya ce yau ce ƙololuwa. Rana ce kamar kowace. Daga nan aka fara gangara a hankali, muna cewa gyara ne kasuwa take yi. Rikicin kuɗi ya ɓarke a Amurka, masu kuɗin waje suka fara kwashe nasu, farashin man fetur ya faɗi, bankunan da suka ba da irin rancen da na ci suka fara matsa wa mutane su sayar. Kowa yana son fita ta ƙofa ɗaya. Hukumar kasuwar ma a watan Agustan shekarar ta sa doka cewa farashi ba zai sauka fiye da kashi 1 cikin ɗari a rana ba, wai don a tsayar da zubar. Abin da hakan ya haifar shi ne masu saye suka ɓace gaba ɗaya, tunda kowa ya san gobe zai fi araha. Kana ganin farashi a jarida, amma ka ce wa dillali ya sayar, sai ya ce babu mai saye. Wani kason nawa ma ko takardar shaidarsa ba ta iso ba, don a wancan zamani sai ka yi watanni kana jiran satifiket ta gidan waya, sannan a tantance ta kafin ka iya sayarwa. Cikin shekara ɗaya ma'aunin ya rasa kusan kashi 70 cikin ɗari.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ranar 14 ga Agusta 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar bayan bincike, daga baya aka ƙara wasu, aka zuba naira biliyan 620 don kada su durƙushe. A 2010 aka kafa hukumar gwamnati mai suna AMCON ta saye munanan basussukan bankuna, wato waɗanda aka kasa biya. A 2011 gwamnati ta karɓe bankuna uku. Masu ajiya kuɗinsu ya tsira. Masu hannun jari a waɗannan ukun kuwa takarda kawai ta rage musu. Wannan darasi ne da ban sani ba sai da ya faɗo a kaina: mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi. Idan kamfani ya rushe, sai an sallami masu ajiya da masu bin bashi, in wani abu ya yi saura sannan a waiwaye ka. Shekara huɗu ana yankar albashina. Filin da na sayar, yanzu unguwa ce cike da gidaje, in na bi ta wurin kan babur nakan kau da kai.

Ka san yaushe ma'aunin ya sake taka maki 66,371 ɗin nan? Ƙarshen watan Agustan 2023. Shekara 15 da 'yan watanni. Kuma a 2008 dala tana wajen naira 118, a Agustan 2023 ta haura 700. Wato ko wanda ya yi haƙuri ya jira, lamba ce ta dawo masa, ba darajar kuɗinsa ba.

Kada ka ɗauka ina cewa yau ma 2008 ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, na san da wannan ciwon a jikina, kuma ya jawo min asara ta biyu. A farkon 2020, lokacin korona, farashi ya zube, kamfanoni masu ƙarfi suka koma araha kamar a kaka. Ina da ɗan kuɗi a hannu, amma tsoro ya hana ni. Majalisar da a 2007 ba ta da hira sai ta hannun jari, a lokacin in ka ambace shi sai a ce caca ce. Shekarar ta ƙare ma'aunin ya tashi da kashi 50 cikin ɗari, yana cikin waɗanda suka fi kowa tashi a duniya. Ka ga sau biyu na bi ra'ayin jama'a, da suna murna na saya da tsada, da suna tsoro na ƙi saye da araha, duka biyun na sha ƙasa. Shi ya sa yanzu in na ji an ce kowa yana saye, ba na ɗaukarsa a matsayin labarin kamfani. Labarin mutane ne. Yana gaya min cewa da yawa daga masu niyyar saye sun riga sun saya, kuma wanda zai saya daga hannuna da tsada ya ragu.

Yanzu bari mu dubi tashin da abokanka suke nuna maka, don gaskiya ne, ba ƙarya suke yi ba. A 2023 kasuwa ta tashi da wajen kashi 45, a watan Janairun 2024 ma'aunin ya haye maki 100,000 karon farko a tarihi, shekarar ta rufe da ƙarin kusan kashi 38, a watan Oktoban 2025 kuma ya wuce 150,000. Amma ka tambayi kanka me ya tayar da shi. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta. Dala ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,500. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disambar 2024. Duk mai kuɗi ya rasa inda zai ɓoye su kada su narke, sai aka ruga kan hannun jari, kamar yadda wasu suka ruga kan dala da fili da zinare. Ka auna da kanka: daga tsakiyar 2023 zuwa ƙarshen 2024 ma'aunin ya kusa ninkawa biyu, dala kuwa ta ninka fiye da uku. Abokinka da kuɗinsa ya ninka a wancan tsakanin, ka tambaye shi buhun shinkafa nawa kuɗin yake saye da, nawa yake saye yanzu. Ya fi wanda ya bar nasa a asusun ajiya, wannan babu musu. Amma ba duk abin da ya gani a waya ne riba ba, wani kason maye gurbin abin da naira ta rasa ne. A 2025 ne, da naira ta ɗan tsaya hauhawar farashi ta fara sauka, aka samu riba wadda za a iya kira riba da gaske, kuma daidai lokacin ne hayaniyar ta iso ofisoshi irin naku.

Faɗuwar nairar ma ba kowa ta yi wa daɗi ba. Bankunan da suke riƙe da dala sun bayyana riba mai yawan gaske, ba don sun ƙara ba 'yan kasuwa rance ba, sai don dalar da ke hannunsu ta ƙara kuɗi a lissafin naira. Irin wannan riba ba a maimaita ta kowace shekara. Kamfanonin da ake bi bashin dala kuwa sun ji jiki. MTN Najeriya, duk da kusan kowa yana da layinsa a aljihu, ya bayyana asara a 2023 da 2024, masu hannun jarinsa suka zauna babu rabon riba, sai da aka amince da ƙarin kuɗin kira da data a farkon 2025 sannan ya farfaɗo. Wanda ya gudu lokacin asarar ya yi da-na-sani, wanda ya karanta dalilin asarar ya zauna. Kamfani ɗaya, masu kira su ne dai, abin da ya canza lissafin dala ne da zukatan masu saye.

Wani abin kuma da ba a cika faɗa wa sababbin shiga ba: ma'aunin nan ba kowa da kowa yake wakilta daidai ba. Manyan kamfanoni kaɗan, irin su Dangote Cement da BUA Foods da BUA Cement da MTN da Airtel Africa, su ne suke ɗauke da kaso mai tsoka na darajar kasuwar, kuma wasunsu mafi yawan hannun jarin yana hannun masu kamfanin, abin da yake yawo a kasuwa kaɗan ne. Saye kaɗan sai ya ɗaga farashi. A watan Janairun 2024 farashin Dangote Cement ya ninka fiye da biyu cikin wata guda, shi ya ja ma'aunin ya haye 100,000, daga baya ya sauko sosai kafin shekarar ta ƙare. Siminti bai canza ba a wannan watan. Wanda ya saya a saman saboda ya ji labari a rediyo, ya daɗe yana jira. Don haka za ka iya jin an ce kasuwa ta tashi da kashi 40, kai kuma naka yana kwance ko ma ya ragu.

Akwai abu ɗaya da yake tuna min da 2005, ba zan ɓoye maka ba. A watan Maris 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jarin bankuna: naira biliyan 500 ga masu reshe a ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya, wa'adi ƙarshen Maris 2026. Sai ga tallar hannun jarin bankuna ta dawo, yanzu ta waya ba ta fom ba. Bambancin da na gani shi ne sa ido ya fi na da, ba a watsa rancen sayen hannun jari ga kowa da kowa kamar wancan karon, kuma mafi yawan cinikin kasuwar yanzu na 'yan gida ne, ciki har da kamfanonin fansho, ba kuɗin waje da ke tashi dare ɗaya ba. Duk da haka a watan Yunin 2025 takarda ɗaya daga Babban Banki, wadda ta hana bankunan da ake yi wa sassauci kan wasu basussuka raba riba har sai sun gyara, ta isa ta girgiza farashin bankuna. A watan Nuwamba kuma fargabar sabon haraji kan ribar sayar da hannun jari ta sa kasuwa ta zube da wajen kashi 5 a rana ɗaya. Ofishin da babu mai tsoro, labari ɗaya ya ishe shi.

Kuma ba halin 'yan Najeriya ba ne kawai. Yaran yanzu da suke sayen hannun jarin Amurka ta manhaja sun gani. Kamfanin Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfutocin da ake gina ƙirƙirarriyar basira a kansu, darajarsa ta kai dala tiriliyan 1 a 2023, ta kai tiriliyan 4 a Yulin 2025. Amma a tsakani, ranar 27 ga Janairu 2025, labarin wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta China mai suna DeepSeek ya sa ya faɗi da kashi 17 a yini guda, kusan dala biliyan 600 ta bi iska. A watan Afrilu Trump ya sanar da harajin kayan shigowa, kasuwanninsu suka rufta, bayan mako ɗaya ya ɗage wani ɓangare suka yi tsalle. Ɗana ya sayar a ranar kuka, ya sake saye a ranar dariya, ya biya kuɗin makaranta kamar ubansa, nasa dai da sauƙi tunda ba bashi ya ci ba.

In kana son misalin da ya fi kusa, je Dawanau ka tambaya. A 2024 masara da gero da shinkafa suna ta hawa, har wanda bai taɓa harkar hatsi ba ya kama sito ya tara, don kowa ya tabbata baɗi zai fi. A 2025 farashi ya karye. Wanda ya tara da kuɗinsa ya ji ciwo, amma yana da zaɓin ya jira ko ya ci abinsa. Wanda ya tara da kuɗin mutane dole ya sayar a faɗuwa. Ni ma ba sayen hannun jari ne ya karya ni ba. Ɗan abin da na saya da kuɗina a kamfanoni biyu masu ƙarfi, na manta da shi, har yau yana nan, kowace shekara ribarsa tana shigowa asusuna. Abin da ya karya ni kuɗi ne mai wa'adi a kansa, wanda ya tilasta min sayarwa ranar da kasuwa ta ga dama ba ranar da na ga dama ba.

To amsata kai tsaye: kada ka sayar da filin. Ba don fili ba ya faɗuwa ba, sai don kana shirin musanya abin da ka sani da abin da makonni kaɗan da suka wuce ka fara jin sunansa, kuma a lokacin da ya fi tsada. Daga abin da ka tara, ware wanda ka tabbata shekara biyar ba za ka neme shi ba, ba kuɗin haya ba, ba na makarantar yara ba, ba na aure ko aikin Hajji ba. Shi ma kada ka zuba shi rana ɗaya. Raba shi, ka riƙa saye kaɗan-kaɗan duk wata, in farashi ya sauka ka samu da araha, in ya hau ba a bar ka a baya ba. Maganar makara kuwa, kasuwar nan tun 1961 ake ciniki a cikinta, Litinin zuwa Juma'a, ba jirgin ƙarshe ba ne.

Kafin ka ba kowa kuɗi, duba sunan dillalin a jerin waɗanda hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jari, ta yi wa rajista. Za a buɗe maka asusu a CSCS, kamfanin da yake ajiye bayanan hannun jarin kowa, a ba ka lambarka, hannun jarin ya zauna da sunanka ba da sunan dillali ba, kuma ka cike takardar da za ta sa ribar shekara ta riƙa faɗawa asusun bankinka kai tsaye. Duk wanda ya ce zai juya maka kuɗi a kasuwar hannun jari ya ba ka kaso kaza tabbas kowane wata, ba hannun jari yake sayarwa ba. Mun ga damfarar MMM a 2016, kuma irin wannan lokaci na murna ne 'yan damfara suke fitowa, don ba mai tambaya.

Batun halacci, tunda na san zai zo maka, kada ka yi irin nawa. Tun 2012 kasuwar tana da ma'aunin Lotus na kamfanonin da aka tace bisa Shari'a, babu bankunan ruwa, babu kamfanonin giya. Fara duba jerinsa. Bankin Jaiz na Musulunci yana kasuwar tun 2017. Akwai kuma Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa Shari'a, da aka fara a 2017, wanda ake gina hanyoyi da kuɗinsa, ga wanda ba ya son hawa da saukar farashi ta hana shi barci. Amma tacewa ba ta hana faɗuwa, kamfani zai iya zama halal kuma ka saye shi da tsada. Zakka kuma ka zauna da malami wanda ya san harkar, don hukuncin mai saye ya ajiye da mai saye ya juya ba ɗaya ba ne.

Sai kuma aikin da ba wanda zai yi maka. Duk kamfanin da ka yi niyya, nemi rahotonsa na shekara, kyauta ne a intanet. Me yake sayarwa, ribarsa daga ciniki take ko daga canjin dala, nawa ake binsa kuma da wane kuɗi, shekara nawa ya jera yana raba riba. Tambayar dattijon nan ce dai, da sabon tufafi. In ka zauna da shi awa biyu ka kasa bayyana wa matarka yadda kamfanin yake samun kuɗi, bar shi ka duba wani.

Ka ce mahaifinku tsohon ma'aikaci ne a Kaduna. Kafin ka sayi ko guda, ku bincika jakar takardunsa. Mutanen zamaninsu da yawa sun sayi hannun jari a shekarun 1970 lokacin da aka tilasta wa kamfanonin Turawa sayar wa 'yan ƙasa kaso, wasu kuma a 2005 irina, kuma ribar da ba a karɓa ba tana jibge da sunayen mutanen da iyalansu ba su ma san da ita ba. SEC tana da shafin da ake duba suna. In kun samu wata tsohuwar satifiket, rubuto min sunan kamfanin kawai, ban da lambobin, zan gaya maka ko yana nan ko ya haɗe da wani, da inda za ku fara.